Ɗacin Kunun Inna Asabe

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo kuna cewa na cika taurin kai, na gani, na gode. Ku karanta na yau kafin ku ƙara. Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni ce Mardiyya, ma'aikaciyar jinya a Haɗeja. Kakata, Inna Asabe, tana kwance da ciwon fitsari da zazzaɓi. Ɗanta Kawu Tukur, mai kemis, wanda ya riƙe ni tun ina jaririya, shi yake yi mata magani a gida.

*

"Ba zan yi ba, Kawu."

Bai janye hannunsa ba. Sirinjin na nan a miƙe tsakanina da shi.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan yi mata allurar nan ba."

"Kwalba biyu na haɗa yau. Ɗaya ce ta yi mata kaɗan, shi ya sa jikin bai saki ba. Kin fi ni iya samun jijiya. Karɓi."

Na mayar da hannuwana bayana.

Inna na kwance a ƙarƙashin rumfa. Rana ta take, zafin garin nan da kuka sani, amma bargo biyu ne a jikinta, haƙoranta na haɗuwa. Hannunta ɗaya na dafe da ƙugu. Tun da ciwon ya haura daga mara zuwa bayanta ba ta ce wash ba ko sau ɗaya. In zafin ya taso sai ta rufe ido ta yi salati, in ya lafa ta tambaya ko an ba awakinta dusa.

"Kawu, ka ba ta kafson nan ja-da-baƙi, bai yi ba. Ka canza farar ƙwaya, bai yi ba. Ka koma allura, jikin sai ƙara zafi yake. Shekaranjiya na kai fitsarinta ɗakin gwaji."

"Da izinin wa?"

"Da izininta."

"Ni na ba ta," in ji Inna daga cikin bargo. "Fitsarina ne ai, ba na gado ba."

Kawu bai yi dariya ba.

"Yanzu Rebecca ta kira ni," na ce. "Ita ce mai gwajin. Ta ce kada a sake yi mata allurar nan, ruwa kawai muke ɗura mata. Ta ce mu kawo ta asibiti."

"Asibiti!" Ya ajiye sirinjin a kan turmi. "Ina ta samo ciwon in ba can ba? Bara da ta yi amai da gudawa kuka kwantar da ita, kuka sa mata robar fitsari. Tun daga ranar ba ta ƙara yin fitsari cikin daɗi ba. Ƙarya nake?"

"Ba ƙarya kake ba."

"To?"

"Yana iya yiwuwa can ta samo. Amma can ɗin ne dai ake da abin da zai nuna mana maganinta."

"Tun kina rarrafe nake yi wa mutane allura a garin nan. Daga Auyo ake zuwa wurina, daga Kafin Hausa ake zuwa. Yau kin sa farin kaya za ki koya mini uwata?"

"Kai ka sa ni a makarantar, Kawu. Abin da aka koya mini ke nan."

Inna ta yaye bargon daga fuskarta.

"Kun tsaya a kaina kamar masu cinikin akuya. Ke 'yar boko, ita yarinyar ta ga abin da ke cina?"

"Ta gani, Inna."

"Da ido?"

"Da ido."

"To ku kai ni in gan shi. Tukur, nemo mini keke."

"Inna..."

"Ban taɓa faɗa da wanda ban ga fuskarsa ba. Nemo keke."

Duk faɗan Kawu, ba ya tsallake maganar Inna. Ya fita yana huci.

*

A hanya kowane rami sai Inna ta matse hannuna har na ji ƙashina. Kawu na gaba kusa da direba, bai waiwayo ba har muka isa.

Ba a shigar da marasa lafiya ɗakin gwaji, don haka muka zaunar da ita a benci a bakin taga. Rebecca ta fito da safar hannu. 'Yar Filato ce, mun fara aiki tare, Hausarta ta fi ta wasu 'yan garin.

"Sannu Kaka. Sannu Baba."

Kawu ya ɗaga mata kai kawai.

Ta ɗago wani ɗan faranti mai kamar gilashi, bai fi tafin hannu ba, an rufe shi an naɗe bakinsa. Ta sa shi saitin hasken taga.

Na sha ganin irinsa a makaranta. Ban taɓa ganin na wanda nake ƙauna ba.

"Kaka, kin ga wannan abin da ya rufe farantin kamar saman koko?"

"Na gani."

"Ita ce cutar. Ɗigon fitsarinki na shafa a nan, na sa a wuri mai ɗumi. Ranar da na shafa, farantin tas yake, babu komai."

Inna ta matso da fuskarta.

"Daga ɗigo?"

"Daga ɗigo."

"Duk wannan?"

"Guda ɗaya ta rabu biyu, biyun su rabu, haka har suka cika wurin. Guda ɗayarsu ido ba ya ganinta. Sai sun taru haka."

"Subhanallahi," in ji Inna a hankali. "Wanda ya halicci giwa shi ya halicci wannan."

"Waɗannan fararen ɗige-ɗigen kuma takarda ce," Rebecca ta ci gaba. "Kowace an jiƙa ta da magani daban. In maganin na kashe cutar, ba za ta iya matsowa kusa da shi ba, za ki ga fili ya zagaye shi. In ba ya kashe ta, za ta tsiro har jikinsa."

Ta fara nunawa da ɗan yatsa.

"Wannan shi ne ja-da-baƙi."

Cutar ta rufe shi ruf.

"Wannan farar ƙwayar."

Ruf.

"Wannan mai launin ruwan ɗorawa ne. Wannan wanda ake ba masu tari. Wannan kuma, Baba, ita ce allurar da ake yi mata."

Kawu ya sunkuyo. Ban san yaushe ya matso ba. Cutar ta hau har kan takardar, kamar ta samu wurin kwana.

Allurar nan ita ce alfaharin kemis ɗin Kawu. Mutum ya zo a ranga-ranga a yi masa, jibi ka gan shi a kasuwa. Ga wata halitta da ba ta da ido, ba ta da kai, ta kwanta a kanta ko a jikinta.

"Yaya aka yi ta iya?" Inna ta tambaya.

"In aka ba ta magani kaɗan, wanda bai isa ya ƙarar da ita ba, raunanan su mutu, masu taurin su rage. Su ne za su hayayyafa. Abin da ya fi ba ni mamaki, Kaka, suna miƙa wa juna dabarar. Wadda ba ta taɓa haɗuwa da maganin ba sai ta karɓa daga maƙwabciyarta."

"Har da zumunci suke yi?"

"Sun fi mu."

Inna ta yi 'yar dariya, zafin ya katse ta. Ta jira ya wuce. Sannan ta ɗaga yatsa ta nuna gefen farantin.

"Wancan fa?"

A can gefe akwai takarda guda. Fili ya zagaye ta, tas, haske na ratsa shi. Cutar ta zo ta ko'ina ta tsaya cak a bakinsa, kamar an ja mata layi.

"Shi kaɗai ya rage," in ji Rebecca.

Inna ta daɗe tana kallo.

"Haka gulbinmu ya koma," ta ce. "Da muna yara sai ka hango tsallake. Ciyawar kacalla ta zo ta cinye ruwan, masunta suna neman inda za su jefa koma sun rasa. Sai can ka ga ɗan fili, ruwa na ƙyalli, kowa ya nufe shi da kwale-kwale." Ta ja numfashi. "Ashe ni ma ɗan filin nan ya rage mini."

Na juya baya don kada ta ga idona.

*

"Kaka na yawan shan kafso ne?" Rebecca ta tambaye ni.

"Inna?" Na ce da ƙarfin gwiwa. "Inna ko na ciwon kai aka ba ta bayan randa take jefa shi. Kafin wannan ciwon ba ta taɓa haɗiye kafso ba."

"Kin ji ko!" Kawu ya daka tsawa. "Asibitinku ne."

"Zai iya zama, Baba," in ji Rebecca. "A asibiti irin waɗannan masu taurin suka fi yawa, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai yanzu muna ganinsu a jikin mutanen da ko ƙofar asibiti ba su taɓa takawa ba. Wannan dai ta san magungunan gida sosai. Kamar wadda ta daɗe tana ɗanɗana su kaɗan-kaɗan."

Kawu ya gyara hularsa. Ya sake gyara ta.

Inna ba farantin take kallo ba yanzu. Shi take kallo.

"Tukur."

"Na'am, Inna."

"Kunun nan da kake kawo mini da hannunka duk lokacin dashe."

Kawu ya kau da ido.

Ku da ba 'yan fadama ba, bari in gaya muku. A wajenmu in lokacin dashen shinkafa ya zo, mata na wuni a sunkuye cikin ruwa. Kowa ya yarda ruwan nan ne ke sa wa mace sanyi. Don haka duk dashe Kawu yakan ƙulla kafso a 'yar leda ya raba wa matan gida da masu aikin gonar Inna, kowace ta sha na kwana biyu, wai rigakafi. Kyauta yake bayarwa, ana ta sa masa albarka. Na sha yi masa magana tun da na fara karatu, yana cewa in bari sai na girma. Inna kaɗai ce ba ta karɓa. Haka na sani.

"Magana nake yi maka," in ji Inna.

"Ba kya sha ne, Inna. Ke ce kuma kan gaba wajen shiga ruwa."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai in buɗe in zazzage a kunu."

"Lokacin dashe kawai?"

Ya sunkuyar da kai. "Da duk sanda na ji kin ce bayanki."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Inna ta tafa hannu a hankali.

"La ilaha illallahu. Shekara da shekaru ina zagin matarka a zuci, ina cewa baiwar Allahn nan ba ta iya jiƙa tsamiya ba. In sha ɗacin nan in shanye don kada in kunyata ka. Ashe hakkin yarinya na yi ta ɗauka."

"Kawu," na ce, "me ya sa?"

Ya ɗago. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Ke kike tambayata me ya sa? An taɓa gaya miki yadda uwarki ta rasu?"

"An ce bayan haihuwata ne."

"Zazzaɓi ne. Muna ƙauye a lokacin, bayan Auyo. Ruwa ya shanye hanya, mota ba ta shiga. Duk garin babu ƙwayar magani ko ɗaya, na bi gida-gida. Na sa ta a kwale-kwale, kanta a cinyata, ke kina hannun Inna kina tsala kuka. Muna hango hayaƙin garin nan ta cika. Likitan da ya duba ta ya ce da ta samu magani da wuri da ta tashi. A bakin ruwan nan na yi rantsuwa, babu wanda zai ƙara rasa magani a gidanmu. Shi ya sa na buɗe kemis. Ba don kasuwa ba."

Inna ta rufe ido. Ba ta taɓa kiran sunan mahaifiyata ba, 'yar farinta ce. Yau ma ba ta kira ba. Leɓenta kawai ke motsi.

Ni kuwa na tsaya ina kallon mutumin da na zo a shirye in kayar. Duk rayuwata ina ganin shagon nan, da kwalaye, da layin mutane. Ban san daga cikin kwale-kwale ya taso ba.

Rebecca ce ta yi magana, a hankali.

"Baba, ba zan iya rantse maka cewa daga kunu ne ko daga roba ba. Farantin ba ya faɗin inda ta koya. Abin da ta iya kawai yake faɗa."

Kawu ya goge fuskarsa da bakin riga. Da ya sauke, ya koma Kawun da na sani.

"To, an ji. Wancan da ya rage, ya sunansa?"

A jikin kowace takarda akwai 'yan haruffa. Ya matso yana ƙanƙance ido.

"In sa a kawo mini daga Kano yau ɗin nan, in yi mata a ɗakinta. Tunda sauran sun lalace, sai in ajiye kwali ɗaya. Ga dashen rani ya ƙarato, matan nan za su shiga ruwa."

Ban yi shawara da zuciyata ba. Hannuna ne ya tafi da kansa. Na ɗora babban yatsana a kan murfin, daidai saitin takardar.

"Ɗage hannunki."

"Ba zan ɗage ba."

"Mardiyya."

"Kawu, shi kaɗai ya rage mata. In ya shiga leda ya bi matan dashe, baɗi war haka babu fili ko ɗaya a farantin nan. Ba nata ba, ba na kowa ba."

Ya juya wajen Rebecca. "Ke 'yata, faɗa mini."

"Likita zan ba sakamakon, Baba. Ka yi haƙuri."

Mutanen da ke jiran gwaji a benci sun zuba mana ido. Da yawansu sun san shi. Wata tsohuwa ma a ledarsa ta sha.

"A gaban mutane?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni za ki ɓoye wa sunan magani? Ni da na tauna miki abinci na sa miki a baki?"

Ina son in durƙusa in kama ƙafarsa. Amma in na durƙusa yatsana zai ɗagu.

"Ka yafe mini, Kawu. Ba zan ɗage ba."

Ku ma kada wanda ya tambaye ni sunansa a saƙo. Na san halinku, gobe sai in gan shi a kemis.

"Inna, tashi mu tafi gida," in ji shi.

Inna ta buɗe ido.

"Na sha naka, Tukur, ban sani ba. Allah ya san da kyakkyawar niyya ka ba ni, na kuma yafe. Bari in sha nata da sanina."

*

Da la'asar aka ba ta gado a ɗakin mata. Dakta Abdulwahid, likitan da ke aiki ranar, ya duba sakamakon, ya sa aka ɗebi jininta, sannan ya kira mu gefe.

"Ciwon ya kai ƙoda. Maganin nan ta jijiya ake ba da shi, kuma yana da nauyi. Ga mai shekarunta yana iya taɓa ƙodar, yana iya taɓa ji. Za mu riƙa auna jininta muna lura. Ban yi muku alkawari ba. Amma in aka bar ta haka, cutar za ta shiga jini. Wa ke tsaye mata?"

Ya kalli Kawu, don shi ne ɗa.

Kawu ya kalli bango.

"Ni ce," na ce.

Ni na nemo jijiyar. Hannun Inna duk tabon allura, sai a bayan tafinta na samu. Ba ta ko motsa ba.

"'Yar boko," ta ce, "in kunnen ya tafi, na huta da faɗanku."

"Babu inda zai je, tsohuwa."

"Ki ce wa matar Tukur ta yafe mini tsamiyarta."

Ina ɗaura ruwan na ji an kira sunana daga ƙofa. Kawu ne. Bai shigo ba. Na fita na same shi a baranda, na durƙusa.

"Tashi," ya ce. "Ai ba ki durƙusa mini ba ɗazu."

Ban tashi ba.

"Uwata ce, zan riƙa zuwa duba ta. In na shigo ki fita. Kayanki za ki same su a zaure, na sa a fitar." Muryarsa ba ta ɗaga ba, shi ya fi tsorata ni. "In ta tashi, Allah ne ya tashe ta. In ba ta tashi ba, ke ce. Haka zan gaya wa dangi, haka zan gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa."

Ya juya. Ina kallon bayan rigarsa har ya sha kwana.

Na koma ciki na buɗe ruwan. Ɗigon farko ya sauko, ya bi roba, ya shiga hannun Inna.

Ga abin da taurin kan nawa ya ci, tunda kuna tambaya. Yau ba ni da gidan da zan koma. Mutumin da ya ɗauko ni daga kwale-kwalen da uwata ta mutu a ciki ya ce in fita in ya shigo. Kuma in ɗan filin nan bai riƙe ba, har in mutu sunana wadda ta kashe Inna Asabe.